Motocin Daji Da Wahalar Riƙonsu

Kafin kwalta ta ratsa ƙasashen Arewa, hanyar mota guda takan sauya hali sau biyu a shekara, domin wurin da yake yashi ne mai haɗiye taya da rani, shi ne kuma yakan rikiɗe ya zama taɓo mai riƙe mota kwana da kwanaki da damina. Har ma akwai hanyoyin burji waɗanda hukuma takan gindaya wa sanda ta rufe da zarar an yi ruwa mai nauyi, ba a buɗewa sai ƙasa ta tsane, don gudun kada manyan motoci su farfasa su. A cikin wannan hali ne mutanen karkara suka fara ganin wata gajeruwar mota mai kusurwa huɗu, koriya ko toka-toka, da tayar safaya ɗaure a kan bonet, tana bin burtali da turbar jakuna, ɗauke da Di'o mai rangadi, ko malamin dabbobi da allurar bushiya, ko malamin gona, ko kuwa 'yan dokan En'e. A ƙauyuka da yawa, Land Rover ce mota ta farko da aka taɓa jin rurinta a ƙofar gidan dagaci.

Amma asalin wannan iri na mota ba a Ingila yake ba, yaƙi ne ya haife shi a Amurka. A tsakiyar shekarar 1940, sa'ad da sojojin Jamus suka riga suka mamaye Faransa, Amurka kuwa ba ta shiga yaƙin ba tukuna ko da yake ta tabbata ba makawa sai ta shiga, rundunar sojanta ta aika wa kamfanoni 135 da takarda tana neman ƙaramar mota marar nauyi wadda ƙafafunta huɗu duka za su riƙa ja, da sharaɗin a kawo samfuri cikin kwana 49. Wa'adin ya yi tsanani har galibin kamfanonin suka yi gum, sai wani ƙarami mai suna American Bantam a garin Butler, wanda yake gab da durƙushewa, shi ne ya cika sharaɗi ya kai motarsa a watan Satumba. Sai dai abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, domin da hukuma ta ga Bantam ba shi da ƙarfin ƙera adadin da take bukata, sai ta miƙa zanen ga Willys-Overland da Ford, su ne kuwa suka ƙera sama da 600,000 kafin yaƙi ya ƙare a 1945. Wannan ita ce Jeep, uwar kowace jif da ke bisa titi a yau. Kakanninmu da aka kai yaƙin Bama sun san ta gani da ido, har ma sojojin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da adda da gatari da diga, suka sare kurmi suka fasa mata hanya zuwa kwarin Kaladan a tsakanin ƙarshen 1943 da farkon 1944.

Bayan yaƙi aka yi gwanjon dubban waɗannan motoci, ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun wani Bature, Maurice Wilks, babban mai zanen motoci na kamfanin Rover, wanda yake aiki da ita a gonarsa da ke tsibirin Anglesey. Kamfaninsu a lokacin yana cikin ƙunci, domin sana'arsa ƙera motocin ƙawa ce na masu hali, alhali Ingila ta fito daga yaƙi da bashi har wuya, gwamnati kuma ta sa ƙarfe a ma'auni, ba ta ba kowane kamfani sai gwargwadon abin da yake sayarwa ƙasashen waje. Da Maurice da wansa Spencer, wanda shi ne shugaban kamfanin, suka yi shawara a 1947, sai suka ga abin da zai fisshe su shi ne su ƙera abin da zai zama rabi mota rabi tarakta, manomi ya yi huɗa da ita, ya juya injin sussuka ko na yankan katako daga bayanta, ranar kasuwa kuma ya loda mata tumaki. Tun da ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi jikinta da alminiyam irin na jiragen sama, suka shafe ta da koren fenti da ya yi saura daga aikin soja, suka bar fallayen jikin a miƙe ba lanƙwasa domin ba su da kuɗin sayen manyan injunan matse ƙarfe. Ran 30 ga Afrilu 1948 aka baje ta a kasuwar nunin motoci ta Amsterdam, kuɗinta fam 450. Niyyarsu ta ɗan riƙe kamfanin kafin al'amura su daidaita, sai ga shi ta shige gaban motocin ƙawar a ciniki, a 1976 aka ƙera ta cikon miliyan, ba a kuma daina ƙera zuriyarta a masana'antar Solihull ba sai ran 29 ga Janairu 2016, bayan adadi ya haura miliyan biyu. Ni a ganina, yawancin abin da aka yaba mata daga baya larura ce ta jawo shi, domin rashin ƙarfe ne ya ba ta jikin da ba ya tsatsa, rashin kuɗi kuma ya ba ta siffar da maƙerin ƙauye zai iya miƙar da ita da guduma.

Wanda bai taɓa shiga irin ta da ba, watau wadda aka yi daga 1958 zuwa farkon shekarun 1980, ya kamata a kwatanta masa cikinta. Kujera 'yar katifa ce a kan akwatin ƙarfe, a gajerun ma tankin mai yana ƙarƙashin mazaunin; tagogi na turawa ne gefe; a ƙarƙashin gilashin gaba akwai 'yan ƙofofi biyu da ake buɗewa iska ta shigo, ta shigo kuma da ƙurarta da ƙwarinta. Waɗanda aka yi domin ƙasashe masu zafi akan yi musu rufi biyu da rata a tsakani, na sama ya sha rana, iska ta bi ta tsakiya. In batir ya mutu, akwai sandar ƙarfe da ake zurawa ta gaba a murɗa inji da ƙarfin damtse har ya tashi. Kusa da ƙafar direba kuwa, ban da sandar giya mai baƙin kai, akwai wasu guda biyu, ɗaya mai rawayan kai ɗaya mai jan kai, kuma a nan ne duk sirrin motar yake. In hanya ta fara santsi ko yashi ya fara nauyi, sai direba ya danna rawayan, ƙafafun gaba su kama aiki tare da na baya; in kuwa abin ya kai ga hawan dutse ko fita daga kwazazzabo, sai ya tsaya cik ya ja jan baya, motar ta koma tafiyar rarrafe, gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ninka fiye da sau biyu.

Dalilin haka yana da sauƙin fahimta. Mota ta yau da kullum ƙafa biyu kaɗai ke tura ta, kuma a tsakaninsu akwai wata mahaɗa ta haƙora wadda aka yi domin ƙafar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Wannan hikima kuwa ita ce aibinta a daji, domin da zarar ƙafa ɗaya ta sami santsi, sai ƙarfin ya tsiyaye ta nan, ta yi ta wulwulawa tana haƙa wa kanta rami, 'yar uwarta da ke kan ƙasa mai ƙwari tana tsaye ba motsi. Motar daji tana da ƙaramin akwatin giya na biyu wanda yake raba ƙarfin inji tsakanin aksul na gaba da na baya ta hanyar farfela biyu, saboda haka in baya ya rasa madafa gaba ya ja. Sai dai a irin waɗannan tsofaffin motoci, da ma Hilux da Land Cruiser ta aiki a yau, haramun ne a bar giyar nan a ciki a hau busasshiyar kwalta, domin gaba da baya suna ɗaure da juna ba sassauci, kowace kwana tana murɗe haƙora, har wata rana wani abu ya ɓalle. Motoci da yawa jahilcin wannan mas'ala ne ya kashe su, daji bai taɓa ganinsu ba.

Masu Land Rover na da ba su ɓoye aibinta. Takan ɗiga baƙin mai duk inda ta kwana. Wayoyin wutarta ba su da alkawari. Giya ta ɗaya da ta biyu, kafin samfurin 1971, ba su shiga sai direba ya taka kuloci sau biyu ya daidaita rurin inji da kunne. Jikin da ba ya tsatsa yakan ɓoye kwarangwal na ƙarfe da tsatsa ke ci a ƙasa. Sandar da ke juya ƙafar baya kuma takan karye in an cika mata kaya aka fizge ta a hawa. Amma duk wannan aibi yana da magani a kusa, domin kusan komai nata da noti aka ɗaure shi, bakanike mai sifana da filaya da haƙuri zai warware ta ya mayar a gindin bishiya, kuma ko sandar bayan ta karye, direba mai wayo yakan zare ta, ya danna rawayan kan nan, ya lallaɓa gida da ƙafafun gaba.

Wadda ta gaje ta ita ma yaƙi ne ya yi sanadinta. Sa'ad da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, Amurka, wadda take riƙe da Japan a lokacin, ta bukaci kamfanonin ƙasar su ƙera motoci irin Jeep domin rundunar tsaro da aka kafa. Toyota ta ɗauki injin babbar mota mai silinda shida ta ɗora a kan ƙaramin kwarangwal, ta fito da wadda ta kira Jeep BJ a 1951. Kwangilar ta kuɓuce mata ta tafi ga Mitsubishi, amma a watan Yuli na wannan shekara direbanta na gwaji, Ichiro Taira, ya hau da motar har zango na shida na dutsen Fuji, abin da ya sa 'yan sandan ƙasar suka karɓe ta. Da Willys ya yi ƙorafi a kan sunan Jeep, sai aka raɗa mata Land Cruiser a 1954. Shekara guda bayan haka wani ɗan kasuwa a Jidda, Abdul Latif Jameel, ya yi odar guda huɗu, wannan ne mafarin cinikin da ya cika Jazirar Larabawa da Toyota. A 1958 kuma wani ɗan kwangila, Leslie Thiess, ya kai su aikin madatsun ruwa na duwatsun Snowy a Ostareliya, inda Land Rover take sarauta ba abokin takara. Samfurin da ake kira 40 ya fito a 1960 ya yi shekara 24 ana ƙera shi, a 1984 kuma aka fito da samfurin 70, wanda har gobe ana ƙera shi kusan da siffarsa ta farko. Hilux, ƙanwarta, ta fito a 1968, ta sami jan ƙafa huɗu a 1979.

Yadda kasuwar Afirka ta suɓuce daga hannun Ingilishi darasi ne ga duk mai sana'a. Rover ya shiga cikin babban kamfanin British Leyland a 1968, wanda ya yi fama da yajin aiki da asara har gwamnati ta karɓe shi a 1975, ribar da Land Rover take kawowa kuwa aka riƙa toshe ɓarakar wasu sassa da ita, aka bar motar da injinta mai silinda huɗu na 1958 shekara da shekaru, mai saye kuma ya biya ya zauna jiran wata da watanni. Ko masana'antar Leyland da aka buɗe a Ibadan a 1979, inda aka riƙa harhaɗa Land Rover a cikin Nijeriya, ba ta yi dogon kwana ba. Mutanen Japan kuwa sun zo da inji mai silinda shida, da mota wadda ba ta ɗiga, da kayan gyara a kan kanta, da kunnen sauraron kukan mai saye. Land Rover mota ce mai sauƙin gyara, Land Cruiser kuwa mota ce mai jinkirin lalacewa, kuma ma'aikatar gwamnati ko ƙungiyar agaji da take da asibiti a nesa, da aka ba ta zaɓi, ba ta yi dogon tunani ba.

Adalci ne a faɗa a nan cewa yawancin hanyoyin karkarar Hausa ba waɗannan manyan sunaye ne suka yi musu hidima ba. Peugeot 404 da 504, musamman a-kori-kura, waɗanda ƙafa biyu kaɗai ke tura su, su ne suka kwashi gyaɗa da auduga da 'yan kasuwar ƙauye da amare, tun ma ba bayan an buɗe masana'antarsu a Kaduna a 1975 ba. Da tsayin ƙasa, da laushin sifirin, da direban da ya san inda zai taka, sun shiga wuraren da mai jif na yau zai tsaya yana waya.

Inda jan ƙafa huɗu ya zama wajibi ba mustahabbi ba shi ne Sahara. Turawa sun mai da ita filin wasa daga ƙarshen 1978, sa'ad da Thierry Sabine ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya yi shekara da shekaru yana bi ta Agadas; amma ilmin tuƙi a rairayi yana hannun mutanen wurin, Buzaye da Tubawa da Larabawa da Hausawan da suka koya a wurinsu. Su ne suka san a sauke iskar taya har ta baje ta yi faɗi kafin a shiga yashi mai laushi. A yi sammako tun yana da sanyi da ƙwari, domin da rana ta take yakan saki. Kada a taka birki da ƙarfi, kada a sauya giya a tsakiyar hawa. In kuwa mota ta kafe, a ɗauke ƙafa daga totur nan take, a sauka a tone gaban kowace taya da shebur ko da hannu, a cusa faranti na ƙarfe a ƙarƙashi, fasinja su tura, in ta motsa kuma ba ta tsayawa sai ta sami ƙasa mai ƙarfi, kowa ya ɗauki faranti ya bi ta da gudu.

Mayaƙan Chadi ne suka nuna wa duniya abin da wannan ilmi zai iya in an haɗa shi da makami. A farkon 1987 sojojin Libiya suna riƙe da arewacin Chadi da tankoki da jiragen sama, sai Faransa ta ba gwamnatin Hissène Habré motocin Toyota kimanin 400 da makamai masu fasa tanka. Ran 2 ga Janairu, a ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, suka afka wa sansanin Fada ta kowace fuska da gudun da bindigar tanka ba ta iya juyowa ta bi, kuma bisa ga lissafin da mutanen Chadi suka bayar, Libiya ta yi asarar tankoki sama da 90 a wannan rana. A watan Maris suka ci babban sansanin Wadi Dum, a Satumba suka kai hari har cikin Libiya, aka tsagaita wuta; shi ya sa ake kiran wannan zango na rikicin Yaƙin Toyota. Abin baƙin ciki, darasin bai tsaya ga sojoji ba, domin tun daga Somaliya da Darfur har zuwa dajin Sambisa, duk mai tayar da fitina ya gane amfanin a-kori-kura mai bindiga a baya, har ya zama a wasu yankuna mallakar Hilux kanta haɗari ce ga mai ita.

A Agadas kuwa motar ta zama abin neman abinci. Shekaru da dama, kowace Litinin ayarin Hilux yakan tashi ya bi rakiyar soja zuwa Dirku, daga nan ya nufi Sabha a Libiya, kowace mota da mutum ashirin da wani abu a baya, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada barci ko gargada su jefar da shi, fuska a naɗe, jarkokin ruwa a lulluɓe da buhu suna reto a gefe. A watan Mayu na 2015 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, daga 2016 aka shiga kama direbobi da ƙwace motoci, abin da ya sa masu taurin kai suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi nesa da rijiyoyi. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023. A irin wannan tafiya lalacewar mota hukuncin kisa ne. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, galibinsu mata da ƙananan yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocin da suka ɗauko su zuwa Aljeriya sun mutu a hanya. Allah ya jiƙansu da rahama.

A ɗaya gefen kuwa, sai motar daji ta shigo birni ta sa babbar riga. Range Rover ta fito a 1970 da kujeru masu laushi, Mercedes ta kawo G a 1979, Mitsubishi ta kawo Pajero a 1982, Land Cruiser ita ma ta haifi 'ya'ya masu sanyi da fata da talabijin, har ya zama a garuruwanmu ana auna darajar baƙo a wurin ɗaurin aure da tsayin motar da ya sauko daga cikinta. Galibin waɗannan ba a taɓa sa musu giyar rarrafe ba tun da aka sauke su daga jirgi, kuma masu su sun manta cewa mota mai tsayi da nauyi ta fi ƙarama saurin kifewa in aka karkata ta da gudu, abin da ayarin manya ba su fasa yi ba. A 2023, sa'ad da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan sayen irin waɗannan motoci ga 'yan Majalisar Tarayya, kowace ɗaya sama da naira miliyan 100, hujjar da aka kawo ita ce hanyoyin ƙasar sun lalace. Hujja ce ta gaskiya, sai dai ta fito daga bakin waɗanda gyaran hanyar yake wuyansu, alhali ungozomar karkara da malamin rigakafi, waɗanda domin irinsu aka ƙera motar, suna bin wannan hanya a kan babur.

Wanda yake son ganin motar tana aikin da aka yi ta dominsa, ya hau tsaunin Mambila a jihar Taraba. A can, tsakanin Gembu da ƙauyukan kan iyakar Kamaru, inda damina take da tsawo, jar ƙasa kuma take da santsi, har yanzu tsofaffin Land Rover da suka girmi direbobinsu suna hawa da gangara da buhuna da mutane har bisa rufi. Da wuya a sami wadda ta rage da kayanta na asali. An sauya inji, an ƙara ganyen sifirin, an yi wa kwarangwal walda a kan walda, ƙofa kuma igiya ce ke riƙe da ita. Abin da ya raya su shi ne kanikawan wurin sun san su ciki da bai, kuma duk wadda ta mutu gaba ɗaya takan zama kantin kayan gyaran 'yan uwanta.

Wannan kuwa shi ne abin da mai sha'awar saye ya fi yawan mantawa, watau ƙarfin motar daji rabinsa a jikinta yake, rabinsa a garin da take kwana. Kuɗin saye shi ne mafi sauƙin abin da za ta ci, nafaƙarta ce mai nauyi. Tayoyinta manya ne masu tsada, kuma ba a sauya ɗaya a bar uku. Baƙin manta ya fi na ƙaramar mota yawa. Tana da aksul biyu da akwatin giya biyu, kowanne da mansa. Mai kuwa, tun daga ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin fetur a Nijeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, masu manyan injuna da yawa sun lulluɓe motocinsu da tampol. Ga kuma hidima ta kullum wadda ba a wakilta wa yaro: a kakkaɓe matatar iska a kai a kai da hunturu, domin ƙura ita ce ke cinye inji a ɓoye; a ɗura giris a gaɓoɓin farfela bayan kowane tsallaken rafi; a duba man aksul, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, a zubar; a sa giyar ƙafa huɗu lokaci-lokaci a kan ƙasa ko da ba bukata, don kada ta ƙage ranar da ake nemanta.

Sababbin motoci sun ƙara wata matsala. Tsohon injin gas na Land Cruiser mai lita 4.2, wanda aka fara a 1990, ba shi da kwamfuta, ba ya kuma tsananta bincike a kan man da aka zuba masa, shi ya sa ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai suka riƙe shi gam. Na zamani sun fi shi ƙarfi da tsimin mai da ƙarancin hayaƙi, amma suna fesa gas da matsi mai tsanani ta ƙofofi ƙanana ƙwarai, ta yadda ɗan ruwa ko datti daga jarkar 'yan bumburutu ya isa ya lalata nozul na kuɗi masu yawa, kuma in fitila ta kama a gaban direba, bakaniken ƙauye ba shi da abin yi sai a jawo mota zuwa inda mai na'ura yake. Ita kanta sabuwar Land Rover mai suna Defender, wadda kamfanin, da yake hannun Tata na Indiya tun 2008, ya fara sayarwa a 2020, a Sulobakiya ake ƙera ta, kuma ta fi kakarta iya hawa da daɗin zama nesa ba kusa ba, sai dai ba motar da za a warware a gindin bishiya ba ce.

Tun da yake galibinmu ta hannu muke saye, ko tokumbo ko gwanjon kamfani, to a nan ne amana take shigowa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, kamar yadda ɗalibai suke karantawa a babin ciniki na Risala. Amma mota da aka mai da agogon tafiyarta baya, aka wanke ƙasan injinta da fetur, aka shafe tsatsar gishirin ƙasashen ƙanƙara da baƙin fenti, kafin aibinta ya bayyana dillali ya riga ya ci la'adarsa, shari'a kuma ta fi gyaran tsada.

Saboda haka, mai karatu, in kana da niyya, fara tambayar kanka ko hanyar da kake bi tana bukatar ƙafa huɗu, ko kuwa ƙaramar mota mai ɗan tsayi ta ishe ka. In ta tabbata kana bukata, je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kuɗin nozul da farfela da kuloci na samfurin da kake so, ka ji ko suna nan a ƙasa ko sai an yi oda, tun kafin ka je wurin dillali. Ranar dubawa ka tafi da bakanikenka, ba na mai mota ba. Ku tarar da injin da sanyinsa, ku shimfiɗa buhu ku shiga ƙarƙashi da tocila, ku ƙwanƙwasa kwarangwal da guduma, ku fita da ita kan yashi ku sa giyar rarrafe ku ji ko tana shiga tana fita, ku kuma tantance takardun kwastan. In mai ita ya hana ɗaya daga cikin waɗannan, ku yi masa sallama ku tafi.